Kayan Hawan Sarkin Dutse Korau

Ku gyara zama, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Labarin da zan ba ku na gardama ne, in na kai ƙarshensa zan yi shiru, ku ne za ku ƙarasa aikin. Wanda ya san ba ya iya sauraro sai ya tsoma baki, ya tashi tun yanzu ya je ya ba akuyarsa ruwa.

A wani gari can gabas akwai dutsen da ake kira Mai Kunne. An sa masa sunan ne saboda wani leɓe da ya fito daga jikinsa can sama, ya lanƙwaso kamar kunnen mutum. A ƙarƙashin leɓen nan ƙudan zuma suke saƙa tun zamanin kakanni, inda ruwan sama ba ya taɓawa, dabba kuma ba ta kaiwa. Daga ƙasa zuwa wurin gaba ashirin ne, dutsen a miƙe yake sak, kuma babu ta inda za a zagayo masa ta sama. Hanya ɗaya ce tak, wata tsaga da ta taso daga gindi ta tafi har kusa da kunnen.

Gida ɗaya ne a garin yake da ikon hawa, kuma wanda kayan hawan suke hannunsa shi ake kira Sarkin Dutse. Kayan uku ne. Akwai turaku tara na ƙarfe, kowanne da kai a murɗe kamar ƙahon rago, waɗanda mai hawa yake bugawa cikin tsagar yana zura igiya ta gefensu. Akwai igiyar rama mai sili uku, wadda ake ɗaure ƙarshenta a jikin wata tsamiya da ke gindin dutsen, mutum ɗaya ya tsaya yana saki kaɗan kaɗan. Sai ɗamarar fata da mai hawa yake ɗaurawa a ƙugu, mai madauki a gaba inda ake ƙulla igiyar. In ƙafa ta zame, turke ya riƙe igiya, igiya ta riƙe ɗamara, ɗamara ta riƙe mutum. Ba a raba kayan nan a gado, domin igiya ba turke sai dai a ɗaure jaki da ita. Mutum ɗaya ake miƙa wa su duka, dutsen da zumarsa kuma su bi shi. Ba lalle ne ya zama babban ɗa ba, ba lalle ne ma ya zama namiji ba, don an taɓa yin wata mace a gidan da ta riƙe dutsen shekara tara, tana sa ƙannenta suna hawa, ita ce mai cewa a hau ko a fasa.

A lokacin da nake ba ku labari, Sarkin Dutse shi ne Korau. Shekara talatin da takwas yana hawa bai taɓa faɗuwa ba, kuma ba ya bari a manta da haka. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai saurin fushi, amma maganar gaskiya ba a taɓa yin mai kula da kaya kamarsa ba. In an gama ɗibar zuma, sai ya wanke igiyar da ruwan ɗumi har sau uku, domin zumar da ta ɗiga ta shige cikin sili ita ce ke ruɓar da rama. Ya shanya ta a inuwa, ba a rana ba. Ya rataye ta a zaure, ya zura fasasshiyar ƙwarya a saman maratayin don ɓera ya zame. Turakun kuwa ya goge su da yashi, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken hantsi yana neman tsagar da ba ta fi gashi kauri ba, sannan ya shafe su da man kaɗe. Ɗamarar ma ya bi ɗinkinta da ido daga wannan kai zuwa wancan.

Akwai kuma al'adar da garin ya riƙe da ƙarfi: ba hannun da yake taɓa kayan hawa a gida sai na mai hawa. Ɗa ba ya taɓawa, ɗan'uwa ba ya taɓawa, mace kuwa, in ba wadda aka miƙa wa kayan ba, ko inuwarta ba a so ta faɗa kan igiyar. Kada ku ce camfi ne kawai, akwai hankali a ciki. Magabata sun yi haka ne don in mutum ya faɗo ya mutu, kada a sami wanda za a nuna da yatsa a ce shi ya kashe shi. Kai ka gyara, kai ka hau, abin da ya same ka tsakaninka da Allah ne.

Sai dai duk binciken Korau na ido ne. Haka ubansa ya koya masa, haka ya tashi ya gani. Da yanar tsufa ta fara rufe masa ido, bai fasa zama a tsakar gida da hantsi ba. Yakan ɗaga turke, ya juya shi, ya gyaɗa kai, ya ajiye, alhali abin da yake gani bai wuce wani baƙin abu a cikin hazo ba. Ya san haka sarai, kuma tsoro ya shige shi, amma bai faɗa wa kowa ba. A zuciyarsa ya fara tunanin bana zai miƙa kayan. Abin da ya hana shi, bai san wa zai miƙa wa ba.

'Ya'yansa uku ne. Babban shi ne Nomau, manomi, wanda shekara goma sha biyu yake riƙe masa igiya a gindin tsamiya. Korau yana ganin bakinsa ya yi yawa. Mai bi masa Cindo, mai yatsa shida a hannun hagu, wanda ya tashi a maƙerar kawunnansa ya koyi ƙira. Korau yana ganin shirunsa ya yi yawa. Ƙaramarsu Hakama, tana aure gida uku daga nasu, kullum da safe takan shigo ta share wa tsohon zaure tunda uwarsu ta rasu. Ita ce mai tufka igiyar guga da ta dabbobi da rabin garin yake amfani da su. Korau bai ga aibunta ba sai dai mace ce, kuma wannan ma ya san ba hujja ba ce a gidansu.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawa suna zaune a ƙofar mai unguwa, wani ya tambaya yaushe za a hau dutse bana, don ƙudan sun cika saƙa. Korau ya buɗe baki zai ce sai an gani. Kafin ya furta, Nomau ya riga shi.

Ya ce, "Baba ba zai hau ba bana. Idonsa ba ya gani. Shekaranjiya na miƙa masa ƙwarya ya kama iska."

Korau ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Ya juya inda muryar ta fito ya ce, "Kai ne za ka faɗa mini ranar da zan sauka?"

Nomau ya ce, "Baba, gaskiya na faɗa. Ba na son in riƙe igiya in ga gawarka."

"To ba za ka riƙe ba," in ji Korau. "Daga yau hannunka ya fita daga igiyata. Tunau zai riƙe mini. Kuma ku shaida, Asabar ta uku daga yau, in Allah ya kai mu, zan hau in sauko da zuma."

Tunau abokinsa ne tun na ƙuruciya, tsoho kamarsa. Ya so ya ba shi baki, Korau ya kakkaɓe riga ya tafi. Tun daga ranar bai sake zama da kayan a tsakar gida ba, don kada a tsaya ana leƙensa ana gwada idonsa. Ya bar su a rataye a zaure, kullum ya ɗauki gatari ya tafi sharar gona, ba ya dawowa sai la'asar. Bai sake yi wa Nomau magana ba, ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

Asabar ta zo. Da sassafe gari ya taru a gindin Mai Kunne. Korau ya ɗaura ɗamara, ya ƙulla igiya, ya rataya jakar turaku da guduma, da ƙwaryar zuma, da kaskon hayaƙi wanda aka cika da busasshen kashin shanu. 'Ya'yansa uku suna cikin taron, kowanne ya tsaya gefe daban. Ya yi bisimilla ya kama tsagar.

Hawa kam bai ba shi wuya ba, don hannunsa da ƙafarsa sun haddace dutsen, ba sa bukatar ido. Ya buga turke na farko ya zura igiya, ya buga na biyu, haka har na takwas. Sai da ya zo na tara aka sami matsala. Wannan shi ne turken da ake kira Ɗan Kaka, wanda kakan kakansa ya sa aka ƙera, kuma shi ake bugawa a sama kusa da kunnen. Raminsa sananne ne, bugu biyar yake shiga. Ran nan ya buga biyar bai shiga ba, ya buga goma, ya buga ashirin. Ya tsaya ya huta, ya sake. Kafin turken ya zauna daram, gumi ya jiƙa shi, kuma wutar kaskon ta ci fiye da rabi. Hayaƙin da ya kamata ya turnuƙe ƙudan ya koma siriri.

Duk da haka ya ci gaba. Ya bar tsagar ya ratsa gefe, ƙafa a kan wani ɗan tudu da bai fi faɗin tafin hannu ba, ya nufi saƙar. Saura kamu biyu ya kai inda ya saba tsayawa, sai ya ji igiya ta ja shi ta baya. Ya yi kira a saki. Tunau ya amsa daga ƙasa cewa igiya ta ƙare, sai ƙullin da ke jikin tsamiya. Korau bai yarda ba, don shekara da shekaru igiyar nan tana kai shi daidai wurin. Ya ɗauka tsufa ne ya ruɗa Tunau. Da mai hankali ne a ranar, da ya juya. Amma gari yana kallo, kuma ya yi rantsuwa. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya miƙa wuƙa iya tsawon hannunsa. Ƙudan da hayaƙi bai ishe su ba suka taso masa, ɗaya ya harbe shi a fatar ido, ya kai hannu, ƙafa ta tafi.

Ya faɗo wajen gaba uku kafin igiyar ta miƙe. Mutanen ƙasa suka ji ƙarar turken, suka ji igiyar ta yi kuka, suka ga tsohon ya lanƙwashe a ƙugu ya bugu da jikin dutsen. Kasko da ƙwarya suka iso ƙasa suka tarwatse. Shi kuwa bai iso ba. Turken ya lanƙwasa amma bai fita ba, igiyar ta miƙe amma ba ta tsinke ba, ɗamarar ta nutse cikin namansa amma ba ta yage ba. Ya daɗe yana lilo, ƙudan suna ta harbinsa, ba wanda ya san ko da rai ko babu. Can ya motsa, ya lalubo tsagar, ya ja jiki ya koma kan turken. Da haƙarƙari biyu a karye ya sauko, turke bayan turke. Kuma don ku san irin mutumin da muke magana a kai, bai bar ko ɗaya a jikin dutsen ba, duk sai da ya ciro su.

Maɗori ya zo ya ɗaure shi, ya taɓa ƙugun ya girgiza kai. Ya ce, "Sarkin Dutse, za ka yi tafiya in sha Allah, amma hawa kam ka gama." Korau bai yi musu ba. Fuskarsa ta kumbura, idanun suka rufe gaba ɗaya, ya kwana shida a kan tabarma yana tunanin abu biyu: me ya hana Ɗan Kaka shiga raminsa, kuma ina kamu biyu na igiyarsa suka tafi.

Ran na bakwai ya sa Tunau ya zaunar da shi a zaure, ya lalubo kayan ya jawo su gabansa. Tunda ba ido, dole ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya bincike su da hannu da hanci da kunne. Ya bi turakun da yatsa, ya ji uku daga cikinsu sun fi sauran kauri, kuma tsatsarsu ta sama ce, farce yana kankare ta. Ya bi igiyar gaba bayan gaba, a tsakiya ya ji wurin da ramar ta fi santsi, ya sansana ya ji warin gabaruwa da hayaƙin murhu, ya kuma lalubo haɗi biyu da aka yi da gwaninta. Ya juya ɗamarar, ya ji an shimfiɗa mata wata fata ta ciki, an ɗinke da jijiya, ɗinkin mai ƙarfi amma a karkace, irin na wanda bai daɗe da koyo ba. Hannu uku ne suka taɓa masa kaya, kuma ba sai an faɗa masa na su wa ba.

Ya aika aka kira su. Suka durƙusa a bakin zaure. Ya ce, "Kowa ya faɗi abin da ya yi. Kada wanda ya rufa wa wani, kada wanda ya rufa wa kansa." Sai suka kalli juna, don ashe ba wanda ya san da aikin ɗan'uwansa.

Cindo ya ce shi da kunne ya gane. Wata rana tsohon yana mayar da turaku jaka, suna karo da juna, sai ya ji wasu suna amsawa da ƙara mai kaifi, wasu kuma sun yi ƙus kamar an bugi itace. Maƙeri ya san wannan sautin. Da Korau ya tafi gona, ya shiga ya rataye su ɗaya ɗaya da zare yana ƙwanƙwasawa, ya sami uku da suka tsage a wuya, cikinsu har da Ɗan Kaka. Ya kai su maƙera a lokacin da kawunnansa suka tafi cin kasuwa, ya ƙera sababbi da ƙarfen sifirin mota, shi kaɗai yana zuga yana bugu. Ya jiƙa su da ruwan tsamiya ya binne su a danshin bayan randa har suka yi tsatsa irin ta tsofaffin. Ya ƙara musu kauri da gangan, don ya ga a nan ne na da suka gaza. Ya san in kawunnansa suka ji ya musanya Ɗan Kaka, wanda gari yake ganin albarkar dutsen a jikinsa take, ba zai sake riƙe awartaki a maƙerarsu ba. Ya ciro tsohon turken daga aljihu ya miƙa. Korau ya buga shi sau ɗaya a kan dutsen niƙa, kan ya fita ya gangara ƙarƙashin gado.

Hakama ta ce ita da hanci ta gane. Tana shara a ƙarƙashin maratayi sai ta ji wani ɗan tsami yana saukowa daga igiyar, irin na zumar da ta kwana cikin ruwa. Bara tsohon ya wanke ta, amma bai ga inda zuma ta fi zuba ba. Ta yi kwana biyu tana kai da komo da zuciyarta, a na uku ta sauke igiyar ta murɗe silin baya, ta ga wajen lafiya lau, ciki kuwa baƙi ƙirin da fumfuna, tsawon gaba huɗu. Ta yanke wurin. Ta ɗauko ramar da ta noma da kanta ta jiƙa ta ɓare, ta tufka sabuwa, ta haɗa sili cikin sili yadda ba ƙulli da zai maƙale a turke. Ta rina ta da gabaruwa, ta rataye ta a kan murhu ta sha hayaƙi. Ramarta mai kyau ta ƙare saura kamu biyu, kuma ba ta yarda ta cika da ta kasuwa wadda ba ta san asalinta ba. Ta san igiyar ta gajarce, ba ta kuma da bakin faɗa, don macen da ta taɓa igiyar hawa ba ta sake kwana a garin, da aure ko ba aure. Ta kwance gefen zanenta ta fito da guntun da ta yanke. Korau ya kama shi da hannu biyu, da karyayyen haƙarƙarinsa ya ja, ya rabu kamar ɗanyen tuwo.

Nomau ya ce shi da hannu ya gane, tun bara. Da yake taya tsohon kwance ƙullin igiya a gindin dutse, yatsansa ya taɓa madaukin ɗamarar ya ji fatar ta bushe ta tsattsage ta ciki, inda gumi yake zama. Ya jira ya ga ko za a gyara, shekara ta zagayo ba a gyara ba, shi ya sa ya yi magana a gaban dattawa, yana zaton kunya za ta zaunar da tsohon. Da aka kore shi daga igiya, bai kai ɗamarar wurin dukawa ba, don kada ya jawo wa bare laifi. Ya taka da ƙafa zuwa wani gari ya zauna gaban wani baduku kwana uku yana koyon ɗinki a kan tsumman fata. Ya dawo ya yanko fatar bijiminsa da ya jeme yana ajiya, ya ɗauke ɗamarar da rana ya tafi da ita bukkar gona, ya sake madaukin, ya shimfiɗa sabuwar fata ta ciki. Basilla ta huda masa tafin hannu har ta fita ta baya, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa. Duk wannan ya yi wa mutumin da ba ya amsa gaisuwarsa. Ya ajiye tsohon madaukin a gaban uban. Korau ya zura yatsa biyu ya buɗe, fatar ta yage ba gardama.

Tsohon ya ajiye madaukin. Da farko fushi ya ji, don an taka al'ada a cikin zaurensa har sau uku. Sannan kunya ta rufe shi, don kayan da yake taƙama da su shekara talatin da takwas, ashe ko ɗaya ba zai riƙe shi ba. Da turken da ne, da ya karye. Da igiyar da ce, da ta tsinke tun ma kafin ya faɗi. Da ɗamarar da ce, da turke da igiya sun zauna lafiya a jikin dutse shi yana ƙasa. Cire ɗaya daga cikin ukun, da yanzu ana zaman makoki.

Amma Korau ba yaro ba ne, ya juya lissafin ta ɗaya gefen. Da Nomau bai tona shi a gaban mutane ba, da bai hau ba sam, don a bakinsa maganar fasawa take. Da Cindo bai ƙara wa turken kauri ba, da ya shiga a bugu biyar, hayaƙi yana da ƙarfi, ƙudan suna kwance. Da Hakama ba ta rage kamu biyu ta yi shiru ba, da ya tsaya inda ya saba da ƙafa biyu a dafe. Kowannensu ya sa hannu a faɗuwarsa, kowannensu kuma ya hana shi kaiwa ƙasa.

Ya ce, "Kun san dalilin da ya sa aka hana taɓa kayan nan?"

Suka ce sun sani.

"Kun san da na mutu, wanda ya taɓa shi za a ce ya kashe ni?"

Cindo ya gyaɗa kai. Nomau ya ce, "Mun sani, Baba." Hakama ta ce, "Da a ce ban taɓa ba ka mutu, gara a ce na taɓa."

A nan ne hawaye ya zubo daga kumburarrun idanun. Ya gane cewa ran Asabar ɗin nan, lokacin da yake lilo a sama, mutum uku suna tsaye a ƙasa, kowanne shi kaɗai da sirrinsa, kowanne yana jiran ya ga ko aikin hannunsa ne zai kashe ubansa. Sun ɗauki nauyin da magabata suka kafa doka don kada kowa ya ɗauka, kuma ba wanda ya sa su. Bai taɓa sanin ana son sa haka ba, kuma abin ya yi masa nauyi fiye da ciwon.

Washegari mai unguwa ya zo duba shi. Korau ya faɗa masa kome, ya ce laifin taɓa kaya a kansa yake, shi ya ɓoye makantarsa, don haka ba wanda za a kora daga gari ko daga maƙera. Mai unguwa ya yarda, amma ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka dutsen zai yi santsi, zumar bana ta tafi ke nan, masu jego da marasa lafiya kuma suna jira. Lalle kafin Alhamis a san sabon Sarkin Dutse.

Ran Laraba da hantsi Korau ya sa aka fito da shi tsakar gida. Ya naɗe igiyar, ya ɗora ɗamarar a kai, ya ɗora jakar turaku a kan ɗamarar. 'Ya'yan uku suka durƙusa a gabansa, dattawa suna zaune a gefe. Ya tattaro kayan da hannu biyu ya ɗaga su.

Ni a nan na tsaya. Kada wanda ya ce mini a raba, kun ji ba a rabawa. Kada wanda ya ce a ba babba don shi ne babba, ko a tsallake Hakama don mace ce, gidan ba haka yake gado ba. Ga wanda ya faɗi gaskiya a fili ta jefa ubansa cikin haɗari, ya kuma ɗinke ɗamarar da ta riƙe shi. Ga wanda ya musanya turken kakanni da mai ƙarfi, kaurinsa ya cinye hayaƙi, ya kuma tsaya a dutse bai fita ba. Ga wadda ta sa aurenta da garinta a kan igiya, ta gajarta ta, igiyar kuma ba ta tsinke ba.

To, tsakanin Nomau da Cindo da Hakama, hannun wa ya kamata Korau ya sa kayan nan?